Tudun da Hoto Ba Ya Nunawa

Kusan duk otal ɗin da ka duba a waya a Istanbul, cewa zai yi tafiyar minti biyar ce tsakaninsa da wani wurin kallo. Ba lallai ƙarya suka yi ba, sai dai ba sa faɗa maka ko minti biyar ɗin hawa ne ko gangara. Tsohon birnin a kan tuddai bakwai aka ce yake zaune, ita kuwa taswirar waya shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma. Hoto zai nuna maka gado da farin zanen gado, da tawul an naɗe shi, da taga mai kallon ruwa. Ba zai nuna maka lungun ƙofar otal ɗin ba, wanda aka daɓe da duwatsu, inda tayar akwati ke tsalle tana ƙara, mai akwatin yana haki, uwargida a baya ta tattare abaya tana tambaya, "Wai Alhaji, ba ka ce kusa ba ne?"

Su mutanen garin sun daɗe da sanin halin ƙasarsu. Tun 1875 suka buɗe Tünel, ɗan jirgin ƙarƙashin ƙasa da tafiyarsa ba ta kai mita 600 ba, aikinsa kawai ya ɗauki mutum daga Karaköy a bakin ruwa ya haura da shi Beyoğlu. Garin da aka haƙa rami saboda tudu guda, bai kamata baƙo ya raina hawansa ba.

Shi ya sa nake ganin 'yan kasuwarmu sun fi masu yawon buɗe ido iya zaɓen masauki. Hajiyar da ta taso daga Kano sarin abaya da kayan yara, Laleli ko Aksaray take nufa, kuma ba ruwanta da hoton taga. Tambayarta uku ce: akwai lif? Ina masu kago suke? Taku nawa ne zuwa tashar jirgin cikin gari? Maganar lif ba wasa ba ce, domin ƙananan otal-otal da yawa a tsofaffin unguwanni gidaje ne aka gyara, matakala ƙunci, ɗakin da ya fi arha kuma shi ne na can sama.

Jirgin cikin garin nan, wanda suke kira tramvay, layin T1, shi ne ƙashin bayan yawon. Daga Laleli tasha ta gaba Beyazıt ce, ƙofar babbar kasuwa mai rufi. Ka ƙara biyu kana Sultanahmet, inda Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida ke kallon juna. Ka ci gaba ka sauka Eminönü, bakin jiragen ruwa. Ɗaki matsakaici a bakin wannan layi ya fi ɗakin alfarma da sai ka nemi tasi, don cunkoson motocin Istanbul yana iya cinye maka tsakanin azahar da la'asar kana zaune.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a rubutawa a talla. Ba ka buƙatar ɗauko buta, domin yawancin bayinsu da ɗan famfon tsarki a jikin masai. Karin kumallon da aka ce yana cikin kuɗin ɗaki kuwa, cuku ne da zaitun da tumatir da kokwamba da burodi, sai shayi ba madara a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Wanda ya saba da koko da ƙosai zai tashi yana waiwayen faranti, kafin hantsi ya sayi simit, burodin zobe mai riɗi, a wurin masu jan amalanke.

Kwanakin mako ma sai an lissafa, musamman ga mai kwana uku. Babbar kasuwa ba ta buɗewa ranar Lahadi. Fadar Topkapı, inda ake ajiye da kayan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), kuma ake karatun Alƙur'ani ba yankewa a sashen, Talata take hutu. Ayasofya, wadda aka kammala a 537 tana coci, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi a zamanin Atatürk, aka sake mayar da ita masallaci a 2020, layinta yakan miƙe tun da safe. Mutum ya yi sammako, ko ya haƙura da rabin yininsa. In layin ya gundure shi, ya hau tudu zuwa masallacin Süleymaniye, aikin magini Mimar Sinan na 1557. Babu turereniya irin ta can, kuma daga harabarsa ana hango ruwa da jirage.

A wurina dai babu abin da ya kai jirgin ruwan fasinja daga Eminönü zuwa Üsküdar ko Kadıköy. Da katin Istanbulkart ɗin da ka shiga tramvay za ka shiga, ka bar Turai ka sauka Asiya cikin kimanin minti ashirin, tare da ma'aikata masu komawa gida, ana zagayawa da shayi, yara na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren simit. Masu tallar yawon ruwa a bakin tasha za su kira maka kuɗi ninki-ninki a kan ruwan nan ɗaya.

Ita Hajiyar Laleli fa, da tasha uku kacal tsakaninta da Ayasofya, in ka tambaye ta ko ta taɓa leƙawa, sai ta ci gaba da ƙirga dila ta ce, "Kai dai bari, ɗan nan, sai wani zuwan in Allah ya kai mu."