In yaro ya ƙone, ruwa kafin komi

Da yawa kun aiko saƙo kuna tambaya ko lafiya, kwana biyu ba ku ji muryata a shirin safe ba. Na gode da kulawa. Ɗiyata ce ƙarama, mai shekara biyu da rabi, ta ƙone da ruwan zafi. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Na ga ya dace in rubuto muku tunda sanyi ya shigo, kuma daga Disamba zuwa Janairu babu gidan da ba a hura gawayi a ɗora ruwan wanka, yara na zagaye da wuta suna jin ɗumi.

Bayan magariba ne. An sauke tukunyar ruwa gefen murhu, ita kuwa ta sheƙo da gudu tana bin yayanta, ta yi tuntuɓe. Ruwan ya kwarare mata daga gwiwar hannun dama har yatsu. Kafin in ɗaga ta, tsakar gida ta cika da maƙwabta, kowa da maganinsa a baki. Wannan ta ce man goge haƙori, waccan ta ce gishiri, wata ta ce tawada. Surukata ta ce, "Ke, maza kawo ɗanyen ƙwai a fasa mata!" Na ce, "Inna, ki yi mini haƙuri, bari mu fara sa mata ruwa."

Na taɓa karɓar wani ma'aikacin lafiya a shirinmu, maganarsa ce ta faɗo mini: ruwa, minti ashirin. Na cire mata riga da awarwaro tun hannun bai kumbura ba, na tara shi ƙarƙashin pompo ina duba agogon waya. Babanta ya lulluɓe sauran jikinta da zane don kada sanyi ya kama ta. Inna, da ta ga na dage, sai ta riƙe mata kai tana tofa addu'a. Minti ashirin yaro na tsala ihu a hannunka, wallahi kamar kwana guda ne.

Dalili shi ne, ko an janye yaro daga ruwan zafi, zafin yana nan cikin nama yana ci gaba da cinsa, kuma fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Ruwan pompo ko na randa shi ke fitar da zafin. Banda ƙanƙara, tana ƙara lalata fata. Man haƙori da ƙwai kuwa datti suke kai wa ciwo, kuma a asibiti sai an goge su tas kafin a ga zurfin ƙunar. Ku yi tunanin gogar nan a kan ɗanyen ciwo.

Na rufe hannun da tsabtataccen ƙyalle, na ɗauki karnenta na awo, muka tari adaidaita sai sashen gaggawa, irjans kamar yadda muka saba faɗi. Mun tarar da mutane. Muna tsaye aka shigo da wani saurayi da ya faɗi da moto, aka wuce da shi gabanmu. Zuciyar uwa ba ta son haka, amma a irjans ba wanda ya riga zuwa ake fara gani ba, wanda ransa ya fi shiga haɗari ne.

Da aka zo kanmu, majo ya yi mini tambaya uku: "Hajiya, mi ya ƙona ta? Ƙarfe nawa? Mi kuka shafa mata?" Na ce ruwa kaɗai. Ya ce, "Madalla, kin rage mana aiki." Aka auna nauyinta, aka ba ta maganin zafin ciwo, sannan aka auna faɗin ƙunar. Tafin hannun yaron haɗe da yatsunsa shi ne ma'auni, kusan kashi 1 cikin 100 na fatar jikinsa ke nan. In ƙuna ta kai wajen kashi 10 ga yaro, sai an kwantar da shi an yi masa ƙarin ruwa, domin ruwan jiki na tsiyaya ta ciwon. Amma ko ƙarama ce, in a fuska take, ko hannu, ƙafa, al'aura ko kan gaɓa, a kai asibiti. Ita an naɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya don kada su manne da juna wajen warkewa.

Batun kuɗi: tun 2006 ƙasarmu ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Amma ranar an miƙo mana takardar magani, babanta ya fita cikin dare neman farmasi mai gadi. Don haka ko jika biyar ce, a aje ta gefe saboda irin wannan dare.

Abin da ya fi mini wuya shi ne wankin ciwo. Ni ke danne ta, tana kallon idona tana kiran "Mama", ba ta gane mi ya sa na bari ake yi mata haka ba. Na lura in na rikice sai ta ƙara firgita, in na yi mata magana a hankali sai ta lafa. Ba na ce mata babu zafi. Ina ce mata akwai, amma ga ni nan, yanzu za a gama.

Ga masu zuwa dubiya ina da roƙo. Kada ku tari uwa da "ina kike har haka ta faru?" Ta riga ta yi wa kanta wannan tambayar tun kafin ku zo. Ku yi mata sannu, ku riƙe mata sauran yara, ku kawo abinci.

Bayan an koma gida, kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso, kada a tsallake ranar wankin ciwo. A ba yaro ruwa da abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, nono. Ƙwan nan a ciki yake da amfani. In aka ga zazzaɓi, wari, mugunya, ko yaro ya ƙi sha, a koma asibiti ba sai ranar da aka ba ku ba.

Iyaye maza, a kewaye murhu ko da tubali ne. Wajen haɗa ruwan wanka a fara zuba na sanyi a bokiti. Tarmos da butar shayi su hau inda hannun yaro ba ya kai. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ku sa ta a waya. Wanda ya karanta kuma ya faɗa wa kaka da mai raino, domin sau da yawa su ne ke gida lokacin da abin ke faruwa.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun haɗu a shirin safe, in Allah ya kai mu.