'Ya'yanmu Masu Neman Abinci a Kan Keke

Mu da muke zaune a Agbalépédo mun saba ganinsu tun da hantsi: samari a kan keke, da akwatin sanyi a gaba, suna ratsa tashar motocin arewa su gangara bakin teku. Ranar Lahadi, sa'ad da iyalan Lomé suka fita shan iska, su aiki ya kai su, domin yogot da ƙanƙarar da ke faranta wa yaranmu rai a kan ƙarfinsu suke isa can. Da yawansu 'ya'yan Zongo ne, wasu kuma ƙannenmu ne da suka zo cin rani daga Nijar.

Mun ɗauki wasunsu daga ƙasa da hannunmu, saboda haka mun san yadda abin ke aukuwa. Akwatin da ya cika yana da nauyi, ba ya barin keke ya tsaya nan take. Iskar teku mai gishiri tana cin wayar birki har ta tsinke. Yashin da ke kwance a gefen kwalta yana kwashe taya, ga 'yan zemijan suna kutsawa ta ko'ina. Wanda ya faɗi kuwa da hannu yake tare ƙasa, sai wuyan hannu ko kafaɗa ta karye. Mafi muni shi ne buguwar kai: yaro ya miƙe yana dariya, bayan sa'o'i amai da magagi su biyo baya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Wanda ya ba yaro keke ya ɗauki amana. Birki mai kamawa, da fitila, da hular kwano ba su kai kuɗin ɗori ɗaya ba. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a CNSS yana da haƙƙin magani in ya ji rauni a bakin aiki, don haka iyaye su tambayi maigidan ɗansu wannan tun kafin a fara. In tsautsayi ya faru, a kira 'yan kwana-kwana a 118, a ɗauki hoton ƙashi a asibiti kafin a nemi maɗori.

Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a guminsu. Amin.