Farin Jini da Tausayi a Hogwarts

Na daɗe ina nazarin hikimar da ke sa marubuta littattafan matasa, idan za su ba yaro wani iko da ya saɓa wa al'ada, su kan ajiye shi a makaranta, inda neman farin jini yake cin zukatan ɗalibai, hassada kuma take tsiro tun kafin hankali ya nuna. A littafin farko na Harry Potter, wanda J. K. Rowling ta fitar a Ingila a 1997, yaron ya isa makarantar Hogwarts sunansa ya riga shi, alhali kuwa maraya ne da ya tashi cikin ƙasƙanci a gidan yayar mahaifiyarsa, yana kwana ƙarƙashin matakala. Amma tun a jirgin ƙasan da zai kai su makarantar, da Draco Malfoy, mai taƙama da dukiya da nasaba, ya miƙa masa hannun abota yana kushe Ron Weasley, sabon abokin Harry, da danginsa, sai Harry ya ƙi karɓa.

Wannan ƙin ya fi burge ni bisa dukkan sihirin littafin, wanda dai tatsuniya ce, ba abin koyi ba. Malamanmu, da suke rarrabe karama da istidraji, halin mai abin mamakin suke dubawa, ba girman abin ba. Haka na dubi Harry ranar da Malfoy ya ɗauke wa Neville Longbottom kayansa, yaron da ake yi wa dariya saboda mantuwa: Harry ya hau tsintsiya ya bi Malfoy sama, alhali malamarsu ta yi kashedin kora ga duk wanda ya tashi, domin maraicin da ya ɗanɗana ya sanar da shi zafin wulaƙanci.