Kamara ta huɗu

Saura kwana uku Sallar Layya ta 2024 aka haura gidana a Zinder, aka kwance ragon da na yi wata takwas ina kiwo. Na yi takaicin ragon, amma abin da ya hana ni barci shi ne sanin cewa wani ya ratsa tsakar gidana, ya gifta ƙofar ɗakin ƴaƴana, ba wanda ya ji motsinsa. Sallah na wucewa na ƙudura niyyar kafa kamara.

Wani tsohon ɗalibina mai aikin lantarki na nema. Wannan karon shi ke bayani, ni ke saurare. "Mushe," in ji shi, "hanya biyu ce." A tsohuwar hanya kowace kamara na buƙatar fil biyu, na wuta mai volt 12 da na hoto wanda ke tafiya ga akwatin naɗiya da ake kira DVR. A sabuwar kuwa, fil ɗaya irin na intanet ke ɗauke da hoto da wuta tare zuwa akwatin NVR, muddin tsawonsa bai zarce mita 100 ba. Ta farko ta fi rangwamen kuɗi, ta biyu ta fi sauƙin shimfiɗawa, ita na zaɓa. Masu dogaro da Wi-Fi ya ce in manta da su, katangar gidana ta ƙasa ta yi musu kauri.

Daga nan yanayin ƙasarmu ya shigo lissafi. Saboda ƙurar hunturu da ruwan damina, ya ce in nemi kamara mai lambar IP66, wadda ƙura ba ta shiga cikinta. Fil ya zama na jan ƙarfe zalla, a zura shi cikin tiyo don tsoron rana da ɓeraye, domin araha ba ta ado. Ga kuma batun wuta: ba mu manta da duhun 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take turo mana. Ɓarawo abokin duhu ne, don haka na haɗa da batir da farantin hasken rana. Ya lissafa mini cewa kamara huɗu masu naɗiya dare da rana za su cika faifai mai terabait 1 cikin kwana 10 zuwa 12, sannan sabon hoto ya hau kan tsoho. Kafin ya tafi, ya sa na canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita.

Sati guda ina jin daɗin abina. Wata safiya ina duba tarho, sai na lura da kusurwar hoton kamara ta huɗu, wadda muka ɗora can sama don ta ga lungu. Ashe ta tsallake katanga. Ga surukar maƙwabcina tana wanke-wanke, ba mayafi, hankalinta kwance, tana cikin gidanta. Jikina ya yi sanyi. Kakanninmu sun gina zaure don ya tsayar da idon baƙo, sun koya mana sallama kafin shiga. Ni da aka haura wa gida dare ɗaya, ga shi na yi kwana bakwai ina haura gidan wani da ido.

Bayan la'asar na sami dattijon a ƙofar gidansa, na durƙusa. "Baba, na yi muku laifi ban sani ba." Ya yi shiru, sa'annan ya ce: "Ɗana, tun ranar da kuka kafa ta na gan ta. Na ɗauka titi take kallo, kuma nauyinka na ji in tambaya." Wannan nauyin da ya ji ya fi faɗa zafi a gare ni. A gabansa muka sassauko da kamarar, muka karkatar da ita, na goge duk abin da ta naɗa.

Ƙasarmu ta kafa hukumar kare bayanan sirrin jama'a, HAPDP, amma haƙƙin maƙwabtaka ya riga ta zuwa. Yau idan abokin aiki ya nemi shawarata kan kamara, nakan faɗa masa duk abin da na koya game da fil, batir da faifai. Sa'annan in roƙe shi abu guda: kafin mai aiki ya sauko daga tsani, ya kira maƙwabcinsa, su duba hoton tare.