Kafin ki manna hotonki a bango

Kishiya, saƙonki ya same ni nan Zangon Sokode, wai kina son tsayawa takarar kansila a Dapaong, kina neman albarkata. Albarka kin samu tun ranar sunanki. Amma gyara zama, tsohuwa ba ta sa albarka sai ta haɗa da surutu.

Ba zan ce miki mace ba ta iyawa ba, wannan gardama a gabana aka binne ta. A 2019 Yawa Tsegan ta zama shugabar majalisar dokoki a Lome, shekara na zagayowa Victoire Tomegah Dogbe ta zama firaminista. A watan Mayun 2024 kuma, a Kano, garin kakanninki, aka zaɓi Hajiya Memounatou Ibrahima ta shugabanci majalisar ƙasashen Afirka ta Yamma, mace ta farko, bayan ta yi minista ta kuma daɗe tana depite. Ran nan har guɗa na rangaɗa, daga ni sai rediyo a tsakar gida. Hanya kam an share muku. Damuwata ɗaya, wa za ki goya in kin hau?

Kin ce ma'aikata za ki kare. Waɗanne? Tun farkon 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jaka 35 zuwa jaka 52 da rabi, madalla. Sai dai kuɗin nan mai takarda yake bi, wanda sunansa ke cikin littafin ofis. Matar da ke dakon kwandon tumatir a kasuwarku ba ta san da shi ba. Haka yarinyar da ake ɗauka daga ƙauyukan nan namu a kai ta aikatau Lome ko Legas, wata ma har Gabon.

Bari in tona wa kaina asiri. Lokacin da kakanki ke fataucin goro, wata mata ta kawo mini yarinya Bakotokola daga wani ƙauye ta hanyar Camba, ba ta fi shekara tara ba. Kafin kiran assalatu ta share gida, ta cika randuna, sannan ta ɗauki tiren koko da ƙosai ta nufi tasha. Duk ƙarshen wata ina ƙirga kuɗinta in damƙa wa matar da ta kawo ta, ban taɓa fashi ba, har ina yabon kaina. A shekara ta uku na iske ta bayan madafa tana ɗaure silifas ɗinta da waya, tafin ƙafarta duk kaushi ya tsage. Na ce, ke kuwa ba za ki sayi sabo daga kuɗinki ba? Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Wane kuɗi, Inna?"

A waccan shekarar ni ce uwar adashin matan unguwa. Duk biki sai an ba ni magana, in miƙe in yi ta faɗa a kan yadda maza ke cinye guminmu. Ashe gumin da aka fi ci a unguwar, a randata yake zuba. Na biya ta daga baya, hannu da hannu, amma shekarun makarantarta ba su dawo ba. Tun 2005 doka ta hana fataucin yara a ƙasar nan, sai dai doka ba ta shiga madafa sai uwar gida ta buɗe mata ƙofa.

Kada ki ce wannan laifin jahilai ne irina. A Bangaladash akwai Monnujan Sufian, wadda ta taso cikin ƙungiyar ƙwadago a birnin Khulna, ta shiga majalisa, ta zama ƙaramar ministar ƙwadago a 2009. Mace ce da ta san masaƙa ciki da bai. Tana kan kujerar ne, ran 24 ga Afrilun 2013, benen Rana Plaza ya rufta wa masu ɗinkin tufafi, fiye da mutum 1,100 suka mutu, akasarinsu mata. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, duk da haka aka ce su koma bakin keke. Ba ita ta gina benen ba, ban kuma ɗora mata ba. Ina dai nuna miki nisan da ke tsakanin kujera da bangon da ya tsage, ko ga wadda a gindin bangon ta girma.

Kujerar kansila ƙarama ce, kuma alherinta ke nan. Daga 1987 ba a sake zaɓen kansiloli ba sai 2019, saboda haka jama'a ba su gama sanin me za su nema gare ku ba, za su roƙi zannuwa da shinkafa. Ke ki duba abin da ke hannun magajin gari: rumfa, tikitin kasuwa, famfo, makewayi, da takardar haihuwa. Tun 2022 kyauta ake ba da ita in an yi rajistar jariri kan lokaci, amma matan karkara da yawa ba su sani ba. Yarinyar da ba ta da ita kan sha wuya wajen zana jarrabawar gama firamare, daga nan kuwa tire ne ke jiranta. Ki bi gidajen suna da wannan magana, ta fi hoto a bango.

Na ji an ce akwai wata 'yar Mobawa da ke yi miki raino tun da kika haihu. In za ki zo babbar salla ki taho da ita, da zabi biyu. Ina so in tambaye ta nawa ake ba ta, ke kuma ki jira mu a zaure.