Garantin Tsawon Rai, Amma Ran Wa?

Akwai wata sifana mai lamba 13 a cikin akwatin kayan aikinmu wadda ta girmi babban ɗanmu, ta girmi aurenmu, kai muna jin ma ta girme mu. Daga hannun mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, muka gaje ta, tare da tsohuwar motarsa Peugeot 504, wato Fijo, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975. Ƙyallin sifanar nan ya daɗe da gushewa, ta yi baƙi saboda shan giris da baƙin mai, amma in ka goge ta da tsumma za ka ga an buga Gedore a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma an buga sunan Jamus ta Yamma. Ita ƙasar da aka buga sunanta a jiki ta daina amsa wannan suna tun 1990 da aka haɗe Jamus biyu, amma sifana tana nan, bakinta bai buɗe ba ko da kaurin gashi, har gobe in ta kama noti sai ya kwance. Ba mu taɓa ganin takardar garantinta ba, ba mu kuma taɓa neman ta ba.

Mai karatu zai ce me ya haɗa malamin makaranta da sifana? To, albashi ne ya haɗa mu. Wanda duk ya riƙe tsohuwar mota da albashin koyarwa, ko dai ya koyi canza filogi da fambel da baƙin mai da kansa ran Asabar da safe, ko kuwa ya jingine ta a ƙofar gida kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashinta. Mu ba bakanikai ba ne, babban aiki gareji muke kai shi. Amma ƙananan gyare-gyaren nan mun ɗauke wa kanmu su, har ma mun wayi gari muna jin daɗinsu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan batu kuwa wata sifanar ce dabam. Shekarun baya wani maƙwabci ya ari sifanar tayarmu, ta bi shanun sarki. Sai muka shiga kasuwa neman wata. A wani shago aka nuna mana iri biyu: wata tsohuwa ta gwanjo, duk ta yi dabbare-dabbare, da wata sabuwa fil mai kai huɗu, tana walƙiya kamar madubi, kuɗinta bai kai rabin na tsohuwar ba. A jikin kwalin sabuwar an rubuta da Turanci, da manyan baƙaƙe, cewa tana da garanti na tsawon rai. Muka ce kai, yau ga araha ga ado, masu karin magana sun yi kuskure. Muka biya, aka ba mu rasit, muka jefa ta a but muka manta da ita.

Ba mu tuna da ita ba sai ranar da muke dawowa daga wani biki, mu da uwargida da yara uku, taya ta yi faci tsakanin Funtuwa da Zariya, rana ta yi ja, magariba ta kawo jiki. Ba sai mun gaya wa kowa yadda hanyoyinmu suka zama ba, da abin da ke zuwa zuciyar magidanci in dare ya doso yana tsaye a bakin daji da iyalinsa. Muka fito da jak da safaya, muka ɗauko amarya daga kwalinta. Noti na farko ya kwance da ƙyar. Na biyu ya ƙi. Muka danna da hannu, muka danna da ƙarfi, daga nan muka sa ƙafa muka taka. Sai muka ji wani abu ya ba da kai, muka ce alhamdu lillahi, ashe ba notin ba ne ya motsa, bakin sifanar ne ya tsage kamar an fasa ɓawon gyaɗa. Muka juya wani kan da ya ɗan fi girma, shi kuma ya riƙa zamewa har ya fara cinye kusurwoyin notin. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai muka ji ta tara yaran a kujerar baya tana biya musu addu'a, wannan kuwa ya fi mana faɗa ciwo.

Allah Ya kawo mana agaji ta hannun wani dattijo direban a-kori-kura. Ya tsaya, ya dubi abin da ke hannunmu, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan ta ado ce." Ya jawo wata baƙar sifana daga ƙarƙashin kujerarsa, mai kai ɗaya, ba ƙyalli ba suna, ya kafa ta a kan notin da ya fara lalacewa, ya buga ta da tafin hannu ta zauna daram, ya ja sau ɗaya. Kafin a kira salla mun kama hanya. Mun yi mun yi ya karɓi na goro, ya ce, "Haba Malam, sai dai ka sa mu a addu'a."

Kashegari muka koma shago da gawar sifana da kwali da rasit. Mai shagon, saurayi ne mai fara'a, ya karɓe mu hannu bibbiyu. Muka nuna masa rubutun kwali muka ce, "Ɗan'uwa, ga alkawarin da aka yi mana, garanti na tsawon rai." Ya juya ta, ya duba tsagar, ya ce, "Gaskiya ne Malam, amma ai ran sifanar ake nufi, ga shi kuwa ya ƙare." Maƙwabtansa suka fashe da dariya, mu ma ba mu san sa'ad da muka dara ba. Sannan ya nuna mana ƙasan rasit, inda aka buga da ƙananan baƙaƙe cewa kayan da aka saya lafiya ba a mayar da su. Muka sake duba kwalin: babu sunan kamfani, babu adireshi, babu ko sunan ƙasar da aka ƙera ta. Alkawari ne wanda ba a san bakin da ya furta shi ba.

Za mu faɗi gaskiya a kanmu a nan, domin mu ma muna da namu laifin. Taka sifana da ƙafa ko zura mata bututu don a ƙara mata tsawo ba aikinta ba ne, kamfanoni da yawa ma ba su karɓar kayan da aka yi wa haka. Masu faci kuma sukan ɗaure notin taya fiye da kima, su hau su yi tsalle a kai, alhali kowace mota akwai iyakar ɗaurin da aka ƙayyade mata. Amma fa baƙar sifanar dattijon nan ita ma ta sha taku shekara da shekaru.

Shi wannan lafazi na garantin tsawon rai ba ƙarya ba ne a inda ya fito. A Amurka, kamfanin manyan kantunan nan na Sears ya fara sayar da kayan aiki da sunan Craftsman a shekarar 1927, kuma abin da ya ɗaukaka sunan shi ne alkawarin cewa in sifana ko sukundireba ta karye a hannunka, ka shiga kowane kantinsu ka miƙa ta a ba ka sabuwa, ba a tambayar ka rasit. Shi Sears ba ya ƙera komai da kansa, masana'antu yake ba kwangila, amma a lokacin yana da kantuna a kusan kowane babban gari, wato akwai ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa. Haka mutanen da ke gyaran motocinsu a gida suka riƙa gadar wa 'ya'yansu akwatin Craftsman tare da alkawarinsa. To ina aka kwana? Daga wajen 2010 aka mayar da ƙirar yawancin kayan zuwa Sin, masu saye suka fara gunaguni cewa wadda ake ba su ba ta kai wadda suka kawo ba. A 2017 Sears ya sayar da sunan ga kamfanin Stanley Black & Decker a kan kimanin dala miliyan 900, a watan Oktoba na 2018 kuma shi kansa Sears ya je kotu ya bayyana karyewar jarinsa. Kantunansa da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sabon mai sunan ya ci gaba da ɗaukar alkawarin ta hannun wasu kantuna, amma dai an ga cewa ko a can, ƙarfe yana iya fin mai garantinsa tsawon rai.

Akwai kuma Snap-on, wanda aka kafa a birnin Milwoki a 1920, na ƙwararrun bakanikai. Su dillalansu da mota suke bin gareji-gareji, su sayar, su ba da bashi, su karɓi wadda ta karye su canza. Tsadar kayansu ta shahara, dalili kuwa a fili yake: kuɗin motar nan da man da take sha da sifanar da za a canza maka nan gaba duk suna cikin farashin da ka biya tun farko. Garanti ba sadaka ba ne, saye ake yi. Saboda haka duk wanda ya ga an haɗa masa rabin kuɗi da alkawarin har abada a kwali ɗaya, ya kamata ya tsaya ya yi lissafi, mu da muke koya wa yara lissafi ba mu yi ba.

Abin da ya raba sifanar mahaifinmu da ta bakin hanyar Funtuwa ba a ganin sa da ido, shi ya sa cinikin yake da wuya. Sifana ta gari da ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kurom da banadiyam ake yin ta, a gasa shi ya yi ja, a buga shi da babbar gudumar inji a cikin ma'auni, sannan a tsoma shi a mai ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don ya rage gautsi. In taurin ya yi yawa, karyewa za ta yi kamar tangaran. In ya gaza, bakinta ya buɗe kamar na ɗan tsako. Maƙeranmu sun san wannan sirri tun kafin zuwan mota, shi ya sa ake bambanta wuƙar wane da ta wane. Shi kuwa ƙyallin nan da ya ruɗe mu, shafe ne kawai na hana tsatsa, ana iya yi wa kowane tarkacen ƙarfe. Haruffan Cr-V da ake bugawa a jiki su ma ba su fi ƙarfin mai jabu ba. (Mu marubuta ai mun san irin wannan: bango mai sheƙi da hoto rangaɗau, ka buɗe sau biyu takardu su zube maka a cinya.)

Kada kuma a ɗauka ƙasa muke zagi. Da muna yara, in aka ce kaya "Taiwan" ne to an gama kushe shi, yau kuwa yankin Taicun na ƙasar Taiwan yana cikin wuraren da ake ƙera kayan aikin hannu masu kyau, har manyan kamfanonin Turai da Amurka suna ba su kwangila. Sin ma haka, masana'anta tana yin mai kyau tana yin na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya biya ya ce a yi masa. Sau da yawa wanda ya cuce mu ba ya hayin teku, namu ne.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP tun 2005 na tantance kayan da ake shigowa da su, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi a gyara, ko a canza, ko a ba shi kuɗinsa, ko da me aka buga a ƙasan rasit. Tun kafin wannan ma, littattafan fiƙihu da muka karanta a zaure suna da babin mayar da kaya saboda aibi. Amma wa zai bar aji ya yi ta zarya ofis-ofis a kan sifana guda? Kuɗin mota kaɗai ya ninka kuɗinta. Garantin da muka taso muka tarar yana aiki shi ne na maƙerin unguwa: in fartanya ta karye ka mayar masa, ba zai iya musu ba, domin gobe a sahu ɗaya za ku yi salla.

Tun daga ranar nan muka canza yadda muke saye. Mun daina sayen akwati mai kaya hamsin wanda arba'in daga ciki ba za mu taɓa amfani da su ba. Ɗai-ɗai muke saye, lambobin da ke cin aiki, 10 da 13 da 17 da 19, sai ta filogi, kuma mun fi son mai zobe a kan mai buɗaɗɗen baki, domin mai zobe tana rungume notin ta kowane gefe, ita kuwa ɗayar gefe biyu kawai take kamawa. Mukan tafi da noti a aljihu mu gwada. In sifana tana rawa a kansa mu ajiye ta komai kyanta. A kayan gwanjo kuwa, irin waɗanda ake zubewa a Panteka ta Kaduna, akwai tarko guda: na Amurka da yawa da inci aka auna su, ba da milimita ba. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba zai shiga notin 13 ba, wanda ke sama da shi kuma zai yi sako-sako ya cinye maka noti. Mun kuma tsaya ga mutum ɗaya, wani dattijo mai rumfa wanda ya san fuskarmu, wanda in muka ɗauki abu yakan ce, "Malam ajiye wannan, ba taka ba ce." Sau ɗaya filaya ta saki a hannunmu bayan mako biyu, muka mayar, ya canza ba tare da ya nemi takarda ba.

Ita kuwa mai garantin tsawon rai ba mu yar da ita ba. A makarantarmu wani tsohon wilin mota ne aka rataye a bishiyar darbejiya a matsayin ƙararrawa, ƙarfen da ake buga shi da shi kuma ya ɓace. Muka kawo ta muka ba ɗalibin da ke kula da lokaci. Yau shekara huɗu ke nan tana kiran yara taron safe da tara da tashi, ƙyallinta ma bai dushe ba.