Ranar da Yaya Ya Ji Warin Daddawa

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta shigo Nijeriya, yayana yana cikin waɗanda ta kwantar. Numfashi ya gagare shi, har sai da aka sa masa iskar oksijin a asibiti. Bayan mako uku aka sallame shi, muka yi ta godiya ga Allah.

Ashe da sauran rina a kaba. Matarsa ta tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta zuba man shanu. Loma biyu ya yi, ya ture kwanon. Ya ce, "Kamar takarda nake taunawa." Likita ya bayyana mana cewa cutar takan taɓa can cikin hanci, inda ake gane ƙanshi. Harshe yana rarrabe abubuwa kaɗan ne, kamar zaƙi, tsami, ɗaci da gishiri. Yawancin daɗin abinci ta hanci yake zuwa.

A aji nakan koya wa ɗalibaina cewa da kalma ɗaya, wato "ji", Bahaushe yake jin magana, jin zafi, jin ƙanshi da jin daɗi. Ban san nauyin wannan kalma ba sai da na ga Yaya yana ramewa alhali ga abinci a gabansa. Wata rana ma tukunya ta ƙone kusa da shi, bai sani ba.

Bayan wata biyu, da sassafe ya kira ni a waya yana dariya. Ya ce, "Ƙanena, yau na ji warin daddawa!" Shi ne kuwa mutumin da a da yakan toshe hanci idan ana daka ta.